Sun ce za su kafa min sola ba tare da na biya ko sisi ba, in sa hannu?

Tambaya: Ina da masana'antar robobi, kuɗin dizal ya kusa cinye ribata. Wani kamfani ya ce zai kafa min sola da kuɗinsa, ni kuma in riƙa biyan wutar da na sha har shekara 15. Banki kuwa rancen shekara 3 kawai zai ba ni. Hankalina bai kwanta ba. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, gara da hankalinka bai kwanta ba. Tsarin kansa ba damfara ba ne. Yarjejeniyar sayen wuta ce da ake kira PPA, kuma da ita kamfanoni irin su CrossBoundary Energy da Daystar Power, wanda Shell ya saya a 2022, suke kafa wa masana'antu sola a Afirka. Rancen shekara 3 kuwa ya yi gajarta ga faifan sola da garantinsa ke kai shekara 25, biyan wata-wata zai shaƙe ka kafin ka ɗanɗani riba.

Abin da ke ɓata min rai shi ne maganar da nake ji kullum: "Ai ba bashi na ci ba, su suka zuba kuɗinsu." Bashi ne, Alhaji, riga kawai aka sauya masa. Kamfanin ma yawanci rantowa ya yi da dala, daga masu zuba jari na waje ko cibiyoyin raya ƙasashe irin IFC, ya sayo faifan daga Sin da dala. Kai kuwa da kuɗin gida kake ciniki. To wa kake tsammani zai ɗauki asarar idan kuɗin gida ya faɗi? Duba takardar da kyau, sau da yawa akwai wani ɗan layi da ya ɗaure farashin kowane yunit na wuta (kilowat-awa) da dala. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a farkon 2024 ta haura 1,500. A Masar, rana guda cikin Maris 2024, ta tashi daga fam 31 zuwa kusan 50. Wanda ya sa hannu a kan irin wannan layi, hasken rana yana nan yadda yake, faifan yana nan yadda yake, amma takardar biyansa ta kumbura. Dillalin da ya rantse masa cewa hasken rana kyauta ne ya daɗe da karɓar kamashonsa.

Akwai kuma sharaɗin ko ka sha ko ba ka sha ba sai ka biya. Rana ba ta san ranar hutu ba, ba ta san injinka ya lalace ba. Idan aka lafta maka faifan da ya fi buƙatarka, ka saya wa iska wuta, domin a ƙasashe da yawa dokar mayar da rarar wuta kan babban layi ko babu ita, ko tana barci a takarda.

Saboda haka a fara sa mita ta auna yadda kake shan wuta awa-awa, ko da na wata guda ne. Ka nemi farashi da kuɗin gida, da ƙarin shekara-shekara a rubuce. Idan sun dage sai dala, a sa iyakar da ƙarin ba zai wuce ba. A rubuta nawa za ka biya idan ka so mallake kayan a shekara ta 5 ko ta 10, da diyyar da za su ba ka idan wutar ta gaza alƙawari. Lauyanka ne zai karanta, ba nasu ba. Janareta kuma kada ka sayar, aikin dare sai da batir, shi kuma lissafinsa daban.