Ɗaure Fuska Ne Ke Ba Malamin Jami'a Kwarjini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bara aka ɗauke ni koyarwa a wata jami'a nan Jigawa. Ajina ya haura mutum ɗari biyu, yawanci 'yan ƙauyukan Haɗeja da Gumel. Ina lakca na baya suna hira, rukunin WhatsApp da na buɗe musu kuma shiru kake ji. Wani babba ya ce in riƙa ɗaure fuska. Yaya zan samu kwarjini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗaure fuska tsoro yake haifarwa, tsoro kuwa iyakarsa bakin ƙofar aji. Abin da kake nema shi ne ɗalibi ya san idonka na kansa, ko yana kujerar ƙarshe, ko yana gona da wayarsa a aljihu.

A shekarar 2000 wasu masana uku a Kanada, Garrison da Anderson da Archer, sun nazarci karatu ta intanet. Aikin malami a wajensu kashi uku ne: ya tsara darasi tun kafin a zauna, ya ja ragamar tattaunawa, ya kuma koyar kai tsaye yana gyara kuskure. Babu maganar fuska a ciki.

A aji, ka rabu da bayan tebur. Ka taka har layin masu hirar, ka tsaya a gefensu kana ci gaba da bayani, ba tsawa ba harara. Kowane mako ka haddace sunaye biyar. Ranar da ka kira na baya da sunansa, har ka tuna daga Maigatari yake, hirar za ta mutu da kanta.

Sai abin da malamai da yawa ke kasawa: jira. Mary Budd Rowe, wata mai binciken harkar ilimi a Amurka, ta gano cewa malami kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan ya yi tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa uku, amsoshi suka ƙara tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru. Mu a nan ukun ma ta yi kaɗan. Yarinyar da aka tarbiyyantar kada ta ɗaga murya gaban manya, ga shi sai ta juya amsar daga Hausa zuwa Turanci a zuciyarta, yaushe daƙiƙa ɗaya za ta ishe ta? Ka yi tambaya, ka ce kowa ya tattauna da na kusa da shi minti biyu, ko da Hausa ne, sannan ka zaɓi mai amsa.

Batun WhatsApp kuwa, ina zargin takardu kake jibga musu ka tafi. Ɗalibin da ke kai wayarsa wurin mai caji a kasuwa, sai ya fita bakin titi sabis ke kamawa, ba zai ƙona datarsa a kan bidiyon awa guda ba. Ko a edX, wani dandalin karatu ta intanet, wani bincike na 2014 ya nuna hankalin masu kallo kan fara janyewa bayan minti shida. Ka yi saƙon murya na minti uku zuwa biyar, batu ɗaya, ka rufe da tambaya ɗaya. Muryarka da suka saba ji a aji ta fi kowace takarda.

Ka tsayar da lokaci, misali Talata da Alhamis bayan Isha, ka sanar cewa nan za ka duba saƙonni, kuma kada ka saɓa. Wanda ya amsa ka ambaci sunansa, ka faɗi inda ya dace da inda ya kauce. Washegari a aji ka ce, “Jiya wance ta kawo wata magana, mu duba ta.” Makon farko mutum uku ko huɗu ne za su tanka; su ɗin za ka fara amsa wa.