Sauya aji a damben boksin, da yadda ake zaɓa wa zakara abokin karawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce ba a ajin masu nauyi Oleksandr Usyk ya fara ba, amma ga shi ya doke Joshua da Fury. Shin ɗan dambe na iya sauya aji yadda ya ga dama? Kuma zakara ne ke zaɓar wanda zai kara da shi, ko tilasta masa ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Hawa sama babu mai hana ka, sikeli ne ke hana ka sauka. Kowane aji yana da iyakar nauyi, ana kuma awo kwana guda kafin wasa. Ajin da Usyk ya fito, kurusawet, iyakarsa fam 200 ne, wato kilo 90.7. Ajin masu nauyi kuwa ba shi da iyaka, ko kilo 140 kake ka shigo. Shi ya sa wannan tsallaken ya fi kowanne haɗari.

Duk da haka an sha yi. Evander Holyfield ya haɗe kambunan kurusawet a 1988, ya haura ya buge zakaran masu nauyi Buster Douglas a 1990. David Haye ya ci Nikolai Valuev a 2009, alhali Valuev ya fi shi da kusan kilo 45. Usyk ma da ya kara da Tyson Fury a Riyad a watan Mayun 2024, tazarar ta kai kilo 17. Haye da Usyk da saurin ƙafa da dogon numfashi suka yi nasara, Holyfield kuwa a turmi na 3 ya kwantar da Douglas.

A ganina komawa ƙasa ta fi hawa illa. Roy Jones Jr. ya ƙara tsoka ya karɓe kambun masu nauyi na hukumar dambe ta WBA daga John Ruiz a 2003, sannan ya matse jikinsa ya koma ajinsa na fam 175, wato kusan kilo 79. A 2004 Antonio Tarver ya shimfiɗe shi a turmi na 2, Glen Johnson ma ya kwantar da shi a shekarar. Rage kitse abu ne mai sauƙi, amma idan tsoka aka zaftare, ƙarfin ɗaukar naushi na tafiya tare da ita.

Batun abokin karawa kuma kashi biyu ne. Manyan hukumomi huɗu, WBA da WBC da IBF da WBO, kowacce na da jerin gwanayenta. Lokaci zuwa lokaci sai ta tsayar da mutum ɗaya ta ce wa zakara dole ya kara da shi, in ya ƙi a kwace kambun. Idan ɓangarorin suka kasa daidaitawa kan kuɗi, sai a buɗe tayi, mai shirya wasan da ya fi zuba kuɗi ya ɗauka. Tsakanin waɗannan wasannin dole ne ake barin zakara ya zaɓa da kansa, galibi daga cikin 15 na farko a jerin. A nan masu shirya wasa da gidajen talabijin ke da baki, suna neman mai suna wanda zai cika fili amma ba zai ba da wahala sosai ba. Wani lokacin har biyan na dolen ake yi ya ɗan ja gefe.

Usyk ta ƙofar dole ya shigo. WBO na ba babban zakaranta da ya haura aji damar zama na gaba a layi, don haka bayan wasa biyu kacal a sabon ajin ya samu Anthony Joshua, mai riƙe da kambun a lokacin, a Landan a Satumban 2021. Joshua na iya ajiye kambun ya kauce, kamar yadda Riddick Bowe ya jefa na WBC a kwandon shara a 1992 maimakon ya fuskanci Lennox Lewis. Joshua bai yi hakan ba, ya rasa kambuna uku a dare ɗaya.

Shi kansa Usyk tsarin bai ƙyale shi ba. Makonni kaɗan bayan ya doke Fury ya haɗe kambuna huɗu, yarjejeniyar sake karawa da Fury ta ci karo da wasan dole na IBF, sai ya saki kambun, ya koma hannun Daniel Dubois. Sai a Yulin 2025 ya doke Dubois ya karɓo shi a filin Wembley na Landan.