Kibod ɗina yana tsallake harafi, in sayi sabo ne?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a wani ƙauye kusa da Gumel. Ƙanina ne ya harhaɗa min kibod irin mai maɓallai masu ƙara, wanda kowane harafi yake da makunninsa. Yanzu harafin "a" wani lokaci ya fito, wani lokaci shiru, wani lokacin kuma ya fito biyu. Jiya sai da na sake buga takardar yarjejeniyar gona sau uku. In yar da shi in sayi na kasuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yar da shi. Amfanin irin wannan kibod ɗin ke nan, ana gyara shi maɓalli ɗaya-ɗaya. Makunnin Cherry MX, wani sanannen samfuri da ake sa wa irin wannan kibod, an yi shi ne ya ɗauki dannawa miliyan 50 ko fiye, da wuya a ce tsufa ne ya kama naka.

Fara da abu mai sauƙi. Canza wayar USB, ka soka ta a wata kafar kwamfutar. Idan kibod ɗin gaba ɗaya ne yake ɗaukewa ya dawo, laifin waya ne ko bakin da take shiga. Amma tunda harafi ɗaya ka ambata, zargina yana kan ƙura. Mu da muke zaune a nan mun san hunturu: ka share tebur da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kai da yatsa. Cikin makunnin akwai 'yan ƙarafa biyu sirara da suke haɗuwa idan ka danna. Ƙura ta shiga tsakaninsu, sai haɗuwar ta zama rabi-rabi, shi ya sa harafin yake ɓacewa ko ya ninka.

Ga gwajin da zai raba gardama. Zare wayar, cire hular "a", ka tambayi ƙaninka ko makunnan na tsigewa ne ko an liƙe su da dalma. In na tsigewa ne, ciro na "a" ka musanya shi da na wani maɓallin da ba ka cika taɓawa ba. Matsalar ta bi makunnin? To shi ne mai laifi. Juya shi ka dubi ƙafafunsa biyu na ƙarfe, sau da yawa za ka tarar ɗaya ta lanƙwashe, tana ɗan taɓa ramin kawai. Miƙe ta a hankali da hantsaki. In ƙafafun lafiya suke, ɗiga sifirit irin na masu gyaran waya a ciki, ka yi ta dannawa, ka bar shi ya bushe sarai. Don Allah ban da kananzir, ban da man keke.

Idan kuwa matsalar ta tsaya a gurbin "a" duk da sabon makunni, to a jikin allon lantarkin da makunnan suke zaune a kai take: ramin ya saki, ko dalmar ta tsage, ko ɗan dayod ɗin da ke gefensa, wato ɗan ƙaramin abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ya ɗaga. Lura kuma ko maƙwabtansa, "s" da "d" da "f", suna yin haka. Maɓallan a jere aka haɗa su, layi-layi, in layi ya samu rauni tare suke ciwo. Wannan aikin mai gyaran waya ne, minti kaɗan da abin narka dalma ya gama. Ka nuna masa gurbin da kanka, kada ya bi allon duka da zafi.

Abin da nake so ka saya shi ne makunnai biyar ko goma na ajiya. In za ka aika Kano, ba ɗan aiken tsohon makunnin ya tafi da shi, don akwai mai ƙafa 3 akwai mai ƙafa 5 in an haɗa da na roba, kuma nauyin dannawarsu ya bambanta. Sannan ka samu ƙyalle mai kauri ka riƙa rufe kibod ɗin duk sanda ka tashi salla ko ka rufe shago.