Amsa kan sayar da motar Mazda RX-8 mai ƙin tashi in ta yi zafi

Ɗan'uwa, ka ce RX-8 ɗinka ka canza mata salansa da rim da shokozoba, amma in ta yi zafi ka kashe sai ta ƙi tashi, kana tambaya ko ka sayar haka shiru. Wallahi kar ka yi, ɓoye aibi haramun ne kuma duk wanda ya san motar zai kama ka.

Injinta rotari ne, ba fistin, kuma wannan ƙin tashin yawanci alama ce kwamfireshan, wato matsin iska a cikin inji, ya yi ƙasa, sil ɗin bakin rota (abin da ke juyawa a cikin injin) sun cinye. Amma kafin ka yanke hukunci canza fulogi da koyil tukuna, nata ba sa daɗewa, sannan a duba sitata, na samfurin farko ba su da ƙarfi, in duk an yi bata gyaru ba nemi bakaniken da ke da na'urar gwajin kwamfireshan na injin rotari, ta mota gama-gari ba ta ba da lissafi daidai.

Kuɗin kwalliyar nan ba za su dawo ba gaskiya. In kayanta na asali suna nan mayar mata, ka sayar da sababbin daban, ka nuna wa mai saye sakamakon gwajin ka rage masa kuɗin gyaran inji.