Tambaya da Amsa: Ina Aka Binne Yayan Kakana da Ya Tafi Yaƙin Bama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yayan kakana ya shiga soja a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, aka tafi da shi ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, bai kuwa dawo ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne lambar yabo guda mai siffar tauraro da wata tsohuwar takarda wadda rubutunta ya fara gogewa. Kakana ya tsufa ƙwarai, kuma babban burinsa shi ne ya san inda aka binne ɗan'uwansa. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙansa, ya kuma saka miki da alheri bisa wannan zumunci. Ki fara da takardar, domin ta fi tauraron amfani a wannan bincike. Hukumomin Birtaniya ba su saba zana sunan mai lambar a jikin taurarin wannan yaƙi ba, saboda haka tauraron zai nuna miki fagen da ya yi yaƙi ne kawai. A takardar kuwa, ki nemi lambarsa ta soja, wadda a wajen sojojin Najeriya takan fara da haruffan NA, ki kuma ɗauki hotonta tun kafin sauran rubutun ya ɓace.

Na matsa a kan lambar soja ne saboda suna kaɗai yana iya ɓatar da ke. Turawan da suka ɗauki mutane aiki sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya jiye musu, har Muhammadu ya koma Momodu ko Mamadu, sannan sau da yawa sukan haɗa sunan mutum da na garinsu ko ƙabilarsa a maimakon sunan mahaifinsa. Ta haka sai a sami mutane da dama masu suna iri ɗaya a runduna ɗaya, ba abin da ya bambanta su sai lamba.

Da lambar a hannu, ki shiga shafin intanet na Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashe Renon Ingila, wato CWGC, inda bincike kyauta ne. Hukumar tana riƙe da sunayen waɗanda suka rasu a bakin aiki daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Idan yana ciki, za ki ga ranar rasuwarsa da bataliyarsa da wurin da aka ajiye sunansa. A nan ya kamata ki shirya zuciyar kakanki, domin ba kowane soja ne aka san kabarinsa ba. Maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon na ƙasar Bama tana da kaburbura fiye da 6,000, waɗanda aka kwaso da yawansu daga Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw bayan yaƙi, amma ginshiƙan tunawa da ke tsakiyarta suna ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a gano inda suke kwance ba. Wasu kuma da suka rasu a asibitocin bayan fage suna Chittagong ko Maynamati, a ƙasar Bangaladash ta yau.

Ko da sunansa kawai kika samu a jikin ginshiƙi, binciken bai ƙare ba. Sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙi ne a Runduna ta 81, wadda ta ratsa kwarin Kaladan a 1944, da Runduna ta 82 a yankin Arakan, kuma kowace bataliya tana da littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum. Waɗannan littattafai suna ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya da ke Kew a Landan, a rukunin WO 172. Abin takaici ne cewa ba kasafai suke ambaton ƙananan sojoji da suna ba, alhali su ne suka fi rasa rayukansu, amma idan kika haɗa ranar rasuwarsa da abin da aka rubuta a ranar, za ki san ƙauyen ko bakin kogin da bataliyarsa take sa'ad da ajali ya same shi. A ganina, wannan amsa ce da ta cancanci a kai wa kakanki.

Idan kuma ba ki same shi ba sam, ki gwada rubuta sunan ta hanyoyi daban-daban, sannan ki aika wa hukumar wasiƙa tare da hoton takardar, domin tana duba ƙorafin waɗanda aka tsallake sunansu ko aka rubuta shi ba daidai ba, muddin an kawo hujja. Kafin duk wannan, ki zauna da kakanki ki naɗi muryarsa, ki tambaye shi shekarar da yayan nasa ya tafi, da barikin da aka horar da shi, da wanda ya kawo labarin rasuwarsa, saboda waɗannan bayanai ne za su tabbatar miki cewa sunan da kika gani nasa ne ba na wani ba.