Amsar Tambayar Kawu Kan 'Yan Baburan Misisipi

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, barkanku da warhaka. Ya ƙarfin jiki, ya su Inna? Ku yi haƙuri, tun jiya na ga tambayarku, aikin dare na yi, sai yanzu na samu na zauna. Waɗanda ba su bi zancen daga sama ba, Auta ne ya jefo wani bidiyo na wasu dattawan Turawa a kan manya-manyan babura suna ratsa gonakin auduga, aka ce wai tafiyar tara wa asibiti kuɗi ce. Shi ne Kawu ya ce, kai da kake can Amurka, wannan sadaka ce ko yawon shan iska ne aka naɗa wa rawani? Kuɗin man da suke ƙonawa da na masauki, me ya hana su miƙa wa asibitin kai tsaye?

Wallahi Kawu irin tambayar da na yi wa wani abokin aikina ke nan lokacin da ya fara jan ra'ayina. Ya yi dariya ya ce in zo mu je in gani. Na kuwa bi su sau ɗaya, kwana huɗu, da baburin haya.

Ga yadda abin yake. Kuɗin da ake kai wa asibitin ba daga aljihun mai baburin yake fitowa ba, ko in ce ba shi ne mafi yawa ba. Kafin ranar tafiya kowane mahayi yana buɗe shafin tara kuɗi a intanet, ya bi 'yan uwa da abokan aiki da maƙwabta: zan yi tafiyar mil kaza saboda yara marasa lafiya, me za ka ba da? Wani ya ba da dala ashirin, wani ya ce ga abin da zan biya a kan kowane mil da ka ci. Mutumin da in ka je masa hannu sake ka ce taimaki asibiti zai ce maka sai wani jiƙon, to in ya ji maƙwabcinsa ɗan shekara sittin zai kwana huɗu a kan sirdi, sai ka ga ya ciro kati. Kamar ƙaddamar da gidauniyar masallaci ne a gida, Kawu. Ana kama hayar rumfa da kujeru da lasifika, a kira sanƙira. Wani zai ce me ya sa ba a zuba kuɗin rumfar a ginin ba? Amma kun san in ba a kafa rumfar ba, Alhazan ba za su zo ba. To baburin shi ne rumfar.

Sai dai akwai inda nake tare da ku ɗari bisa ɗari. Wa ke biyan kuɗin rumfar? Ayarin da na bi, kowa shi ya sha mansa, shi ya biya ɗakinsa da abincinsa, abin da aka tara kuma ta shafin asibitin ya wuce, ko sisi bai biyo ta hannunmu ba. Wannan na yarda da ita. Amma akwai masu cire kuɗin otal da na nama daga cikin abin da jama'a suka bayar, ragowar su kai. Waɗannan kam shan iska suka yi da kuɗin mutane. Duk wanda ya turo maka irin wannan roƙo, tambaye shi wannan kawai, ka ji ko zai fara inda-inda.

Asibitin da aka fi yi wa irin wannan hawa a nan Memfis ta jihar Tenesi shi ne St. Jude, na yara masu ciwon daji da sauran manyan cututtuka. Wani ɗan wasan barkwanci ne ɗan asalin Labanan, Danny Thomas, ya kafa shi, aka buɗe a 1962. Iyayen yaro ba sa biyan kuɗin magani, ba sa biyan na zuwa, ko na masauki, ko na abinci. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tun farkon kafuwarsa yake aiki a kan cutar sikila, mu kuwa a gidanmu mun san abin da sikila take yi. Duk shekara akwai ayarin babura da ke tasowa tun daga Peoria ta jihar Ilinoyi har ƙofar asibitin. Akwai kuma wani hawan daban da aka faro a Sidni ta Ostireliya a 2012, wanda maza ke caɓa ado da kwat su hau tsofaffin babura a birane da yawa na duniya rana ɗaya, su tara kuɗin yaƙi da dajin mafitsara na maza da lafiyar ƙwaƙwalwa. Wannan na cikin gari ne, 'yan sa'o'i an gama, ba irin namu ba.

Namu daga Memfis muka tashi muka nufi kudu a kan babbar hanya mai lamba 61, wadda suke wa laƙabi da hanyar buluz, wato kiɗan nan na baƙaƙen fatar Amurka. Auta, kai da ka tambaya me ya sa sai wannan hanyar, saurara. Da ka bar Memfis ka faɗa jihar Misisipi, ƙasa sai ta kwanta shimfiɗe kamar tabarma, ba tudu ba dutse, sai gonaki har ƙarshen ganinka. Watan Oktoba muka je, auduga ta fashe, ko'ina fari fat. Wannan ƙasar ita ce suke kira Delta. Bayi ne suka fara nome ta, bayan an 'yanta su jikokinsu suka ci gaba da noman raba-daidai wanda ƙarshen shekara sai ka tarar kai ake bi bashi. Daga cikin wannan ƙuncin kiɗan ya fito. Mutum ya wuni a bayan alfadari, da dare ya ɗauki jita ya faɗi abin da ke cinsa.

Kimanin kilomita 120 ka isa Clarksdale. Nan ne mahaɗar hanya ta 61 da ta 49, inda aka kafa wata alama mai manyan jita a saman ƙarfe, kowa sai ya tsaya ɗaukar hoto. Almarar ita ce wai a mararraba wani makaɗi, Robert Johnson, ya sayar wa Iblis ransa don ya iya kiɗa. A'uzu billahi, tatsuniya ce dai. Abin da yake tabbas shi ne waƙoƙi 29 kacal ya naɗa, ya mutu a 1938 yana da shekara 27, kuma yau wurare uku ne a kewayen Greenwood kowanne da dutsen kabari mai sunansa. Mutumin da ya mutu ba a ma tantance inda aka binne shi ba, yanzu ga mutane daga Japan da Jamus suna zuwa neman kabarinsa.

A gidan tarihin buluz na garin, wanda ke cikin tsohuwar tashar kayan jirgin ƙasa, na ga ɗakin katakon da shahararren makaɗin buluz Muddy Waters ya zauna a gonar Stovall lokacin yana tuƙa tarakta. Kawu, ɗakin bai kai zauren gidanmu ba. A can wani mai tattara waƙoƙin gargajiya, Alan Lomax, ya je ya naɗi muryarsa a 1941. Da ya ji kansa a faifai sai ya gane ashe ya iya. Shekara biyu bayan nan ya haɗa kayansa sai Shikago, kamar dai dubban baƙaƙen da suka gudu arewa. Na daɗe tsaye a gaban ɗakin nan har sai da aka fara tada babura.

Kuma wani abu, ban san ko kunnena ba ne. Wani tsoho da muka tarar yana kaɗa jita shi kaɗai, yadda yake jan murya yana karya ta, jita tana amsa masa, sai na ji kamar mai gurmi a bakin kasuwa. Ba ni kaɗai ba ne ashe. Masana sun daɗe suna danganta wannan salon da na yankinmu na Sahel, wasu har suna jin kamannin kiran salla a cikin kirarin da bayi ke yi a gona. Marigayi Ali Farka Toure na Niyafunke a Mali ma ai abin da ya riƙa nunawa ke nan, cewa kiɗan nan daga gida ya tafi. Banjo ɗinsu kuwa ɗan uwan molo ne, daga Afirka ta Yamma asalinsa.

To ga abin da ya ɗan sosa mini rai, kuma shi ya sa ban ce muku tafiyar ba ta da aibi ba. Misisipi tana cikin jihohi mafi talauci a Amurka, Delta kuma ta fi sauran jihar. Ka shiga ƙaramin gari, rabin shaguna a rufe, rufin gidaje ya lotsa. Sai ga mu mun shigo da ruri, baburin wani ya fi kuɗin gidan da yake ɗauka a hoto, mu sha lemo, mu wuce. Kuɗin da muka tara kuma can Memfis za shi. Na faɗa wa jagoranmu haka. Ya ce shi ya sa ba sa yarda a ci abinci a manyan gidajen nan na kan hanya, sai a shagunan 'yan gari, kuma duk inda makaɗi yake wasa akwai bokiti a gabansa, ka saka abin kirki, ba canji ba. Akwai ma ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, kamar Music Maker da aka kafa a 1994 don tsofaffin makaɗan da suka tsufa ba fansho ba kuɗin magani, da asibitin makaɗa na Niyu Oliyans da ya fara a 1998. Da ni ke tsara tafiyar, da an raba kuɗin biyu.

Daga nan muka bi ta Indianola, inda gidan tarihin makaɗi B.B. King yake, a nan ma aka binne shi a 2015. Sai Vicksburg, sai Natchez, sai Niyu Oliyans. A can abin da na fi son gani shi ne dandalin Kongo, filin da ake barin bayi su taru ran Lahadi su buga ganga su yi ciniki. Garin makaɗi Louis Armstrong ke nan, garin kiɗan jaz. Sauran abin da ke titunan garin da dare ba na faɗa ba ne a gaban Kawu. Ni dai da an yi isha'i ina ɗaki.

Zancen riya da Malam ya kawo a kan irin wannan tafiyar, ni ba malami ba ne, shi zai fi ni bayani. Na dai san ayar nan ta Baƙara da ta ce bayyana sadaka abu ne mai kyau, ɓoye ta kuma ya fi. A cikin ayarin akwai wanda daga gani hoto ya kawo shi. Akwai kuma wata mata da ta ɗinke sunan jikanta a bayan rigarta, ba ta cika magana ba, sai a kwana na uku na ji ashe yaron ya rasu. Salla kuwa ba wanda ya hana ni, duk inda aka tsaya shan mai nakan shimfiɗa darduma a gefe, su jira.

Auta, na ga ka rubuta wai in ka zo kai za ka ja gaba tunda ka yi acaɓa shekara biyu. Ɗan'uwa, ba a nan ba. Sai ka sami lasisin babur na musamman da inshora tukuna. Hular kwano dole ce ga kowa a Tenesi da Misisipi da Luwiziyana. Ba a tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama a ɗan baya, jagora a gaba, wani a can ƙarshe yana kwashe wanda ya maƙale, sannan motar kaya da bakanike. Wanda ya kutsa tsakanin mutane irin na Kwanar Kasuwa, ran nan za a ce ya koma mota. Baburin da na hau ya fi kilo 300. A kwana na biyu na tsaya a kan tsakuwa, ƙafata ta zame, ya kwanta, mutum uku ne suka tayar mini da shi, ga mata suna kallo.

Kawu, maganin gwiwar da kuka ce, na saya, yana wajen wanda zai taho ƙarshen wata. A gaida Inna. Bari in ɗan runtsa, ƙarfe tara zan koma aiki.