Tambaya Da Amsa: Baturen Da Ya Haɗa Kiwo Da Giyar Inabi A Ostireliya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni kiwo nake yi a nan yankin Funtuwa kuma ina son tarihi sosai. Na ji ana maganar wani Bature Gregory Blaxland a Ostireliya zamanin mulkin mallaka, wai makiyayi ne kuma har giya yake haɗawa. Don Allah ya rayuwarsa ta kasance, kuma a ina ya samu filin kiwo?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya albarkaci garke. Toh shi dai Blaxland mutumin Kent ne a Ingila, an haife shi a 1778, ya sauka Sidni da iyalinsa a 1806 lokacin da yankin New South Wales ɗin nan kusan gidan yari ne na Ingila, can ake jibge fursunoni. Ya zo da jarinsa, gwamnati kuma ta bashi fili ta haɗa masa da fursunoni su yi masa aiki, ka ga kenan bashi da matsalar kuɗin leburori. Daga baya ya sayi wata gona mai suna Brush Farm kusa da Sidni.

Shi da yayansa John hankalinsu na kan shanu ne da sayar da nama, tumaki ma akwai, su kuwa gwamnonin lokacin so suke a noma hatsi don a ciyar da mutane, wannan ya sa kullum basa jituwa da hukuma.

Kai da kake kiwo ka san yadda abin yake idan rani ya yi tsawo, dabbobi na ƙaruwa ciyawa na ƙarewa. Haka ta faru dasu, ga fari ga tsutsa ta cinye ciyawar wuraren kiwo, a yammacin Sidni kuma ga duwatsun Blue Mountains sun tare hanya, Turawa sun sha gwada ƙetarawa suna dawowa saboda in suka bi kwari sai su tarar da bangon dutse a tsaye ba hanyar hawa. Ranar 11 ga Mayu 1813 Blaxland ya tashi daga gonarsa ta South Creek tare da William Lawson da William Charles Wentworth, da barori huɗu, dawaki huɗu ɗauke da kaya, da karnuka biyar. Dabarar da suka yi ita ce bin doron tsaunin ba tare da sauka kwari ba, suna sare daji da hannu su share hanya sannan su dawo su ja dawakin. Bayan kusan sati uku suka hango fili mai ciyawa, Blaxland ya rubuta cewa zai ishi dabbobin yankin har shekara talatin. Kowannensu an bashi eka 1,000 ladan aiki.

Amma fa tambayarka ta biyu ita ce ta fi damuna, domin filin nan yana da masu shi. Wajen Sidni ƙasar mutanen Darug ce, bayan duwatsun kuma ta Wiradjuri, sun yi dubban shekaru a wurin kuma su tun tuni suna da hanyoyinsu na ƙetare duwatsun. Ba wanda ya nemi izininsu balle a biya su. Wani Bature William Cox ya sa fursunoni suka yi titin da ya ƙetare duwatsun cikin wata shida, aka kafa garin Bathurst a 1815, tumaki da shanu suka kwararo suka mamaye wuraren farauta da mashayar ruwa, da Wiradjuri suka tashi kare ƙasarsu ƙarƙashin jagoransu Windradyne sai Gwamna Brisbane ya kafa dokar soja a 1824, aka kashe mutane har da mata da yara. Duk wanda zai baka labarin Blaxland ya tsallake wannan, wallahi rabin labari ya baka.

Maganar giya kuwa gaskiya ne, mu dai a addininmu haramun ce amma tarihi ka tambaya. Ya samo dashen inabi daga Cape da ke Afirka ta Kudu, ya sha fama da wata cuta mai ɓata ganye da 'ya'yan kafin ya gano irin da ke jurewa. A 1822 ya kai giyarsa Landan, an ƙara mata barasa mai ƙarfi don kar ta lalace a doguwar tafiyar teku, aka bashi lambar azurfa a 1823 sannan ta zinare a 1828. Yana cikin mutanen farko da suka fitar da giyar Ostireliya zuwa waje.

Ƙarshensa dai bai yi daɗi ba. Matarsa Elizabeth ta rasu a 1826, ya rasa wasu daga cikin 'ya'yansa, ya janye jiki daga mutane, sannan ranar 1 ga Janairu 1853 ya kashe kansa yana da shekara 74. Gidan Brush Farm na nan har yau a unguwar Eastwood, akwai kuma gari mai suna Blaxland a kan duwatsun da ya ƙetara.